Laktayin da Tumba Ta Ɗaura

Tun da aka sa ranar auren Mubarak gidan nan bai zauna ba, ni ma ban zauna ba. Jikana na fari zai yi aure, kuma da bakinsa ya ce ranar walimar abokai kwat zai sa, ya ɗaura laktayi irin nawa, gajeren nan mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi. Da na ji haka ban san lokacin da na miƙe tsaye ba sanda ba. Shekara da shekaru ina yawo da abin nan a wuya ni kaɗai a Ƙaura, yara na nuna ni, manya na sunkuyar da kai suna murmushi, yau ga jinina ya ce yana so. Ina cikin murnar sai ya tsaya gaban hoton aurenmu da ke bangon falo, ya ɗaga waya ya ɗauke shi.

"Tsoho, bari in kai a gyara ma wanga hoto ga kwamfuta," in ji shi. "Yanzun nan a miƙe laktayin shi zamna daidai, ka huta da gori."

Na ce masa ya ajiye wayar. Ku 'ya'yana duka kun tashi kuna yi wa hoton nan dariya, ku da 'ya'yanku. Ga uwarku Luba ta yi kyau kamar ka sace ta, ga ni kusa da ita cikin kwat, laktayi ya karkace, fiffike ɗaya na neman kunnena, ɗaya ya zube bisa ƙirji, hannuna na dama kuma ya tsaya a hanya kamar mai shirin rantsuwa. Kun yanke hukunci cewa a lokacin ban iya ɗaurawa ba. Ni da nake ɗaura shi ido rufe, ba madubi! Ban taɓa ba ku amsa ba don maganar ba ta tsaye ba ce. Amma tunda har an kai ga kwamfuta, ku zauna ku ji.

A makarantar koyon aikin dabbobi na fara sa laktayi, dogon nan da kowa ya sani, don dole ne ranar jarrabawa. Rannan na sunkuya ina duba kofaton wani maraƙi, sai ya ga abu na lilo a gabansa, ya cafke ya fara ci. Kafin a ɓamɓare bakinsa idanuna sun firfito, 'yan ajinmu kuwa har da masu kwanciya ƙasa don dariya. Wani tsohon likita da ke koya mana ya ja ni gefe, ya kwance nasa gajeren daga wuyansa, ya nuna mini yadda ake yi: a giciye, a zura, a naɗe fiffike ɗaya, a turo ɗayan ta baya, a ja a hankali. Ya ce wannan ba dabbar da za ta ci shi, kuma ba ya tsoma kansa cikin magani. Na dubi kaina a gilashin taga, wallahi sai na ji kamar an ƙara mini tsawo. Ranar na kamu, har yau kuma ban warke ba.

Da aka tura ni Shinkafi malamin dabbobi, na dace da wani tela a bakin kasuwa, Isufu, mutumin Maraɗi. Yana ganin wuyana ya ajiye almakashi ya tafa hannu, ya ce rabonsa da ganin papiyo tun yana yaron shago a garinsu, don haka suke kiransa can. Muka ƙulla abota nan take. Duk ƙyallen da ya rage masa mai kyau, na shadda ko na yadin kwat, sai ya ajiye mini. Na yi ta shiga ruga-ruga a kan babur da farar riga mai kwala da laktayina, matan Fulani na leƙowa daga bukka, maza na zagaya ni suna duba abin kafin su yarda in taɓa saniya. Ba a daɗe ba ya zama shaidata. In an ga ƙura ta taso kuma an hango fukafukai a wuya, sai a fara koro shanu.

Ciwon awaki ne ya kai ni Zurmi, gidan wata tsohuwa da ake kira Tumba. Jikarta ce ta riƙe mini akuyar ina yi mata allura. Malamar firamare ce, ta dawo daga makaranta ke nan, alli duk a yatsunta. Ta dubi wuyana, ta dubi akuya, ta cije leɓe don kada dariya ta kufce mata.

"Malam, wanga abu in iska ta taso ba ya tashi da kai?"

Na ce ai da zai tashi da ni, nan zai riƙa sauke ni kullum. Ta saki akuyar ta shige ɗaki da gudu. Wannan ita ce uwarku, kuma tana zaune kusa da ni yanzu tana cewa ba haka na faɗa ba, wai in-ina na yi ta yi. Ku zaɓi wanda za ku gaskata.

Ba a yi nisa ba na tura kawuna Bawa, ƙanin mahaifiyata, mai motar ɗaukar hatsi tsakanin Ƙaura da Moriki, ya nema mini izini. Mahaifin Luba ya karɓe shi hannu biyu. Sai dai kowa a gidan ya san inda maganar take. Tumba ce ta yaye Luba, a ɗakinta ta girma, kuma mahaifin ba ya tsallake maganar uwarsa. Ita ma Luba ta gaya mini ƙiri-ƙiri cewa tana sona, amma ba za ta shiga gidan da Tumba ba ta sa wa albarka ba. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ni da nake shawo kan bijimi, tsohuwa ce za ta gagare ni?

Ranar gaisuwar farko na sa baƙin laktayina, ƙarami, na siliki. Na cire takalmi tun daga zaure, na durƙusa nesa da tabarmarta ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, na gaishe ta. Ta amsa, amma ba ta dubi fuskata ba ko sau ɗaya. Idonta na kan wuyana tun da na shigo har na tashi. Na fito zuciyata fari ƙal. A raina na ce tsohuwar nan ta san abu mai kyau, duk Zurmi ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ban ko tsaya gida ba, na zarce wurin Isufu.

"Isuhu, tsohuwa ta yaba! Ɗinka min wani wanda yaf fi wanga girma."

"Girma awa yaya?"

"Wanda za a hange shi tun daga ƙohwar gari."

Ya ɗinka mini ja mai ɗigo-ɗigo, faɗinsa ya kusa tafin hannu. Da na koma da shi, Tumba ta zaro ido, ta dafe ƙirji, ta yi salati a hankali. Na ce madalla, wannan ya fi na farko shiga ranta. Kafin in tashi ta aiko mini da ƙwarya da wani jiƙo a ciki, baƙi, mai ɗaci har cikin kunne. Na ɗauka karramawa ce ta tsofaffi, na rufe ido na shanye, na yi godiya. Tun daga ranar duk zuwan da zan yi ƙwaryar na jirana. Ni kuwa duk zuwa da sabon laktayi, kowanne ya ɗara na baya. Na ƙarshensu na shadda ne ruwan goro, Isufu ya sa masa sitaci har yana tsayawa da kansa, in na waiwaya sai ya taɓa mini haɓa.

Ana haka maganar aure ta tsaya cik. Kawu Bawa ya je a sa rana, aka ce a bari a yi shuka. Aka yi shuka, aka ce a bari a yi noman farko. Gero ya fid da kai, aka ce tsohuwa ba ta jin daɗi. Ba wanda ya ce an ƙi ni, ba wanda ya ce an ba ni. Kun san halin mutanenmu, ba a duban idon mutum a ce masa ana zargin ɗansa da wani abu, sai dai a yi ta ba shi ruwa mai sanyi ana raka shi bakin ƙofa. Na rame, na daina cin abinci sosai, kwalar rigata ta yi mini yawa. Duk da haka ban fasa gugar laktayi ba.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar Luba ta same ni a zaure, fuskarta ba walwala. Ta zauna, ta dubi ruwan goron nan da ke wuyana, sai ta rufe fuska da mayafi. Na zaci kuka take yi. Ashe kukan ne da dariya a haɗe.

"Garba, ka san mi kaka sha cikin ƙwaryag ga?"

Na ce jiƙo ne na girmamawa.

"Maganin maƙoƙo na. Inna cewa takai ƙululu gare ka ga wuya, shi kaka ɓoyewa da ƙyalle. Yau nij ji tana gaya ma Baba. Ta ce tun zuwanka na hwarko abin ƙaruwa shikai, don kullum sai ka ƙaro ƙyalle. Ga shi kuma kana ramewa. Ta ce da an gama girbi a maida muku kayanku."

Na zauna kamar an buga mini tabarya. Na tattara hankalina duka na tuna idon tsohuwar, da salatin, da dafe ƙirjin. Wata da watanni ni da Isufu muna ta yi wa kanmu kirari, ashe da hannuna nake ƙara wa ciwon girma a idonta. Na tambayi Luba ko ita ma ta yarda da zancen. Ta ce ita ba ta yarda ba, amma ita ma ba ta taɓa ganin wuyana ba, to da me za ta rantse?

Da na gaya wa Kawu Bawa, ya tashi tsaye yana huci. Shi abin bai ba shi dariya ba ko kaɗan.

"Mu za a ce muna da cuta ɓoye? Duk danginmu wa anka taɓa gani da maƙoƙo? Kak ka sake ka taka gidan nan. Mata sun ƙare ne?"

Na ce ni dai zan je in buɗe mata wuyana ta gani.

"Ta duba ka awa rago ga kasuwar Moriki? Ta buɗe ma baki ta ƙirga haƙora? In kay yi haka, to ka nemi wani shi kai ma goro, ba ni ba."

Maganar ta yi mini nauyi, don Kawu Bawa ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ban taɓa saɓa masa ba. Kuma gaskiyarsa ce, a wurinmu abin kunya ne namiji ya tsaya gaban surukai a laluba jikinsa. Amma na auna, na ga fushin kawu yana da magani, rashin Luba kuwa ban san maganinsa ba. Da gari ya waye na yi wanka, na ɗaura mafi girmansu, ruwan goron nan, na hau babur. Ban tsaya ko'ina ba sai Zurmi.

Na tarar da Tumba a tabarmarta tana gyaran wake. Wannan karon ban tsaya nesa ba. Na matso har gabanta na durƙusa, matan gida suka bar abin da suke yi, masu daka suka tsai da tabarya. Na kama bakin fiffike ɗaya na ja. Kun san yadda yake, ja ɗaya ne sai ƙullin ya warware gaba ɗaya. Abin da take gani kamar tulu a wuyana ya koma ɗan siririn ƙyalle a hannuna. Na ɓalle maɓallin kwala, na ɗaga haɓa sama.

"Inna, ga shi. Duba da hannunki."

Ta ture waken gefe. Can ta goge hannu a zaninta, ta miƙo. Yatsunta busassu ne, masu sanyi. Ta bi wuyana tun daga ƙarƙashin kunne har gindin maƙogwaro, dama da hagu, tana dannawa.

"Haɗiye miyau."

Na haɗiye.

"Ƙara."

Na ƙara. Sai ta janye hannun. Na sauke ido, na ga hawaye na bin kumatunta.

"Kakan Luba haka yay yi min," ta ce. "Rawani shikai kullum, har cikin ɗaki ba ya sauke amawali. Nac ce malanta ce. Ashe abu na ci nai ga wuya, shina jin kunya a gani. Randa nig gani ya riga ya hana shi haɗiyar ruwa. Ya bar ni da ɗiya ƙanana, ga goyo. Nar rantse ba ni ba da jikata ga namijin da ka ɓoye wuya."

Ni da na zo da shirin kare kaina, sai tausayinta ya kama ni. Ita ce ta fara dawowa cikin hayyacinta. Ta share ido da gefen zani, ta sake duban wuyana, ta ɗaka mini duka a kafaɗa.

"Kai, ɗan nema! Ashe wuyan zakara gare ka. To wanga ɗan abu kaka naɗe ma buhu guda? Ka sa na ƙare sassaƙen gari ina jiƙa ma!"

Gidan ya ɓarke da dariya, wata ta rangaɗa guɗa daga madafa. Luba na leƙe ta bayan labule, ina ganin ƙafafunta suna tsalle. Tumba ta karɓi ƙyallen ta juya shi, ta miƙe shi, ta shinshina, ta ce in mayar ta gani. Na ɗaura a hankali. Ta ce in kwance in sake. Na yi ta yi tana bin yatsuna da ido har wake ya bushe a rana ba wanda ya kula. Kafin in tashi ta aika aka kira mahaifin Luba daga gona, ta ce a sa rana, kuma kada ta wuce girbi.

Na hau babur ban san ta inda na bi ba. A Moriki na tsaya na rungumi wani mai rake da ban taɓa gani ba. Kawu Bawa kuwa ya cika maganarsa, bai kai goro ba, sai wani ƙanin mahaifina ya kai. Bai zo ɗaurin aure ba, kuma ya daɗe in na gaishe shi da ka yake amsawa. Sai da aka haifi babbarku, aka kai masa ita ya ɗauka, sannan ya sake kirana da sunana. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar aure da babbar riga aka ɗaura, kamar kowa. Da yamma mai hoto ya iso daga Ƙaura da akwatinsa mai ƙafa uku, na shiga na sa kwat. Isufu ya ɗinka mini na musamman, baƙi mai sheƙi, daidai wuya, ba ƙari. Na fito da shi a hannu zan tsaya gaban madubi, sai aka ce Tumba na kira. Tana ganina ta miƙo hannu.

"Kawo. Ni za ni ɗaura ma angona. Na iya, ai na gani."

Na durƙusa. Ta zagaya shi a wuyana, ta giciye daidai, har na fara murna. Daga nan sai hannunta ya koma abin da ya saba, ta yi masa ƙullin bakin buhu, ta ja da ƙarfi har na yi tari. Ta ja da baya ta dube ni, ta gyaɗa kai.

"Yanzu na san abin da ke ƙarƙashi, na san abin da ke bisa. Allah shi yi albarka. Tashi."

Na fito tsakar gida, abokaina suka ga wuyana suka fara toshe baki. Isufu ya kama kai da hannu biyu kamar an yi masa mutuwa, yana yi mini alama in kwance. Aka tsayar da ni kusa da Luba. Mai hoto ya leƙa akwatinsa, ya ɗago.

"Ango, gyara abin wuyanka, ya karkace."

Ku tuna wane ne ni a lokacin. Mutumin da ba ya fita sai fukafukan nan sun daidaita kamar an auna, yau ga hoton da zai zauna a bango har jikoki. Ja ɗaya ne, in sake ɗaurawa kafin a ƙifta ido. Hannuna ya tashi da kansa, ya kai ƙirji. Sai na hango ta bayan mai hoto. An kawo mata kujera 'yar tsugune, ta zauna ta tallabe haɓa, tana duban ƙullinta, bakinta har kunne. Tun da na san ta ban taɓa ganin ta dubi wuyana da farin ciki irin na ranar ba.

Na ce wa mai hoto, "Ɗauka hakanan."

Ya ɗauka kafin in sauke hannun, shi ya sa kuke ganinsa a tsaye a hanya.

Tumba ta rayu har ta ga uku daga cikinku. Duk zuwan da na yi Zurmi sai na durƙusa ta kwance, ta laluba, ta ce in haɗiye miyau, ta mayar da ƙullinta na bakin buhu, kuma haka nake hawa babur in dawo Ƙaura da shi, kowa na kallo. Ba ta taɓa koyon daidai ba, ni ma ban taɓa gyara mata ba.

Saboda haka, Mubarak, gobe da hantsi ka zo ɗakina. Ka bar wancan na roba mai maƙalawa da ka sayo, ba laktayi ba ne. Na fiddo baƙin nan na Isufu, kakarka ta goge shi, zan tsaya bayanka gaban madubi har sai hannunka ya iya, ka fita ranar walima fukafukai daidai kamar an auna. Naka za mu miƙe. Na bango kuwa, ko bayan raina kada wanda ya taɓa shi. Ba karkacewa ya yi ba, haka aka ɗaura shi.